BABI NA HUƊU: TARKEN SAUYIN SALO A AYYUKAN JEFF MILLS DA ROBERT HOOD

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin samuwar kiɗan tekno a birnin Detroit na ƙasar Amurka, tare da irin rawar da Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka taka wajen kafa shi a shekarun 1980. A wannan babi kuwa, za a tarke ayyukan mutum biyu daga cikin rukuni na biyu na makaɗan wannan birni, wato Jeff Mills da Robert Hood. An zaɓe su ne bisa dalilai uku. Na farko, gida ɗaya suka fito, domin kuwa sun yi aiki tare a ƙungiyar Underground Resistance. Na biyu, kowannensu ya haura shekara 30 yana wannan sana'a ta fuska biyu: a matsayin dije, wato mai juya faifai a gidan rawa, da kuma a matsayin furodusa, wato mai tsara kiɗan a situdiyo. Na uku, hanyoyin da suka bi bayan rabuwarsu sun sha bamban, wanda hakan ya ba da damar kwatance.

Tambayar da babin yake son amsawa ita ce: idan makaɗin tekno ya manyanta a sana'a, da me za a gane cewa fasaharsa ta ci gaba? Akwai ra'ayin da ake yawan ji cewa alamar ci gaban ita ce makaɗi ya bar gidan rawa ya koma babban zaure, inda ake zama a kan kujera a saurare shi tare da makaɗan okestira. Wannan bincike bai gamsu da wannan ra'ayi ba, kuma za a kawo dalilai daga cikin ayyukan makaɗan su kansu.

4.1 Ma'aunin da Aka Yi Amfani da Shi

Hanyar nazarin waƙar baka da aka saba da ita, kamar wadda Gusau (1993) ya shimfiɗa, ta dogara ne ƙwarai a kan kalmomi, domin daga gare su ake fitar da turke da tubalan gininsa da salon sarrafa harshe. Shi kuwa tekno, galibinsa kiɗa ne zalla babu waƙa. Babbar ganga ce take bugu huɗu-huɗu ba tsayawa, yawanci tsakanin bugu 125 zuwa 140 a minti ɗaya, sannan a ɗora mata wasu sautuka na na'ura. Saboda haka ya zama dole a nemi wani ma'auni daga cikin kiɗan. An tsayar da abubuwa uku kamar haka:

(a) Maimaici: yadda makaɗi yake sarrafa 'yar gajerar gaɓar kiɗa da take ta dawowa, ba tare da ta gundiri mai sauraro ba.

(b) Giɓi: abin da makaɗi ya cire ko ya ƙi sakawa, da irin aikin da wannan sarari yake yi a kunne.

(c) Hannu: gwargwadon yadda ake jin ɗan Adam yana yanke shawara nan take, alhali na'ura ce take fitar da sautin.

Da waɗannan abubuwa uku za a auna kowane mataki na rayuwar makaɗan biyu.

4.2 Tushensu

An haifi Jeff Mills a Detroit a shekarar 1963, shi kuma Robert Hood a 1965. Sun tashi ne a lokacin da birnin yake durƙushewa. Masana'antun motoci suna rage ma'aikata, jama'a kuma suna ƙaura, ta yadda yawan mutanen birnin ya sauko daga kimanin miliyan 1.85 a 1950 zuwa miliyan ɗaya da 'yan kai a 1990. Mills ya fara yin suna a gidajen rediyon WDRQ da WJLB da laƙabin The Wizard, inda ya shahara da saurin hannu wajen sauya faifai. A ƙarshen shekarun 1980 shi da Mike Banks suka kafa Underground Resistance, daga baya Hood ya shigo a matsayin mai magana a makirufo. Ƙungiyar ta ɗauki salon ɓoye fuska da ƙin dogaro da manyan kamfanonin faifai, kiɗanta kuma mai zafi ne da kaushi.

Kasuwarsu ta buɗe ne a ƙasar Jamus. Bayan rushewar katangar Berlin a 1989, an buɗe gidan rawa na Tresor a 1991 a cikin ɗakin ajiyar kuɗi na wani tsohon kanti, kuma kamfanin faifan wannan gida ne ya fitar da aikin da su ukun suka yi da sunan X-102 a 1992, a kan zobban da suke kewaye da duniyar Satan, wato Zuhal. Zuwa ƙarshen wannan shekara, Mills da Hood duk sun bar ƙungiyar. Muhimmin abin lura a nan shi ne, su biyun sun fito ne da damuwa iri ɗaya. A Turai kiɗan yana ta ƙara sauri da hayaniya, ana cusa masa sautuka barkatai. Amsar da suka bayar ita ce ragewa.

4.3 Jeff Mills

4.3.1 Zamanin Gidan Rawa

Mills ya kafa kamfaninsa na Axis a 1992, ya zauna a New York na ɗan lokaci, daga baya ya koma Shikago. Faifansa Waveform Transmission Vol. 1 (1992) yana ɗauke da ragowar zafin Underground Resistance, amma a Vol. 3 (1994) an fara jin sarari a tsakanin sautuka. Aikin da ya fi fito da shi a wannan mataki shi ne wasan da aka naɗa a gidan rawa na Liquid Room da ke Tokyo a 1995, aka fitar a 1996. A cikin sa'a ɗaya da 'yan mintuna ya juya kiɗa fiye da 30. Ba ya barin faifai ya daɗe. Da ya ɗauki abin da yake so daga jikinsa sai ya ture shi ya ɗora wani. Akwai wuraren da bugun faifai biyu yake gocewa, a ji yana gyarawa da hannu, kuma ba a goge waɗannan kurakurai ba.

Ta fuskar ma'auni na uku, wato hannu, wannan aiki ya kai matuƙa. Mai sauraro yana jin mutum ne yake kokawa da na'ura, yana iya faɗuwa a kowane lokaci, kuma wannan fargaba ce take riƙe kunne. Haka nan kiɗansa "The Bells", wanda yake cikin wannan wasa, ya nuna gwanintarsa a maimaici. 'Yar gaɓa ce mai amon ƙararrawa take ta dawowa a kan bugun na'urar ganga ta Roland TR-909. Gaɓar ba ta cika sauyawa ba. Abin da yake sauyawa shi ne abin da ke kewaye da ita: a ɗauke babbar ganga, a saki ƙananan ƙarafa, a dawo da ganga. Kowace dawowa sai gaɓar ta zo wa kunne kamar sabuwa.

4.3.2 Fim da Okestira

Daga shekarar 2000 Mills ya fara fita daga gidan rawa. A wannan shekara ya tsara sabon kiɗa ga fim ɗin Metropolis na Fritz Lang, wanda aka yi a Jamus a 1927. A ganin wannan bincike, wannan mataki ya yi nasara. Fim ɗin na bebaye ne, babu magana a cikinsa, kamar yadda tekno ba shi da waƙa, kuma yana nuna leburori suna bautar injuna a ƙarƙashin birni. Ɗan Detroit bai buƙatar a fassara masa wannan hoto. Maimaicin da yake sa rawa a kulob, a nan ya koma yana nuna gajiyar ma'aikaci, ba tare da an canza masa siffa ba.

A 2005 kuma ya yi wasa da ƙungiyar okestira ta birnin Montpellier a gindin tsohuwar gadar Rumawa ta Pont du Gard da ke kudancin Faransa, aka fitar da shi da sunan Blue Potential a 2006. Wannan ne aikin da masu ra'ayin da aka ambata a gabatarwa suka fi kafa hujja da shi. Gaskiya ne ya jawo wa Mills daraja, kuma a 2007 gwamnatin Faransa ta ba shi lambar girmamawa ta fasaha da adabi. To amma idan aka ɗora shi a kan ma'aunin da aka tsayar, sai a ga ya yi rauni ta fuska biyu. Da farko, giɓin ya toshe. Inda a da ake jin sarari tsakanin ganga da ƙararrawa, yanzu gogaye da kayan busa masu yawa sun cike wurin, sai "The Bells" ya koma kamar kiɗan da ake sa wa fim. Na biyu, hannun ya ɗaure. Makaɗan okestira rubutaccen kiɗa suke bi, wanda Thomas Roussel ya tsara musu, suna kallon sandar jagora. A irin wannan yanayi Mills ba shi da ikon ɗauke ganga a lokacin da ransa ya ba shi, domin duk jama'ar za su watse. Ashe kenan an ƙara yawan makaɗa, an kuma rage abin da ya sa aka san shi.

Ya kamata a yi adalci a nan. Aikinsa Planets (2017), wanda ya bi sawun tunanin Gustav Holst a kan duniyoyin da ke kewaya rana, ya fi Blue Potential daidaito, saboda tun asali don okestira aka tsara shi, ba tsohon kiɗan rawa aka sa wa babbar riga ba. Duk da haka, akwai wani aibi da yake bin yawancin ayyukansa na sararin samaniya, har da Where Light Ends (2013) da ya yi tare da ɗan sama-jannatin Japan Mamoru Mohri. Sau da yawa bayanin da ke rakiyar faifan ya fi kiɗan ɗaukar nauyin ma'ana. Wanda bai karanta bayanin ba, da wuya ya gane daga sautin kaɗai abin da ake nufi.

4.3.3 Haɗuwa da Tony Allen

Matakin da wannan bincike yake ganin shi ne ci gaba na haƙiƙa ya zo ne lokacin da Mills ya haɗu da Tony Allen, makaɗin ganga ɗan Legas wanda ya yi wa Fela Kuti kiɗa har zuwa 1979. Sun fitar da Tomorrow Comes The Harvest a 2018, tare da Jean-Phi Dary a kan fiyano. Matsalar da ke gaban Mills a fili take. Na'urar ganga agogo take bi, ba ta gaba ba ta baya, shi kuwa Allen yana jan bugu yana sakinsa yadda ya ga dama. Da an tilasta wa Allen bin agogon na'ura, da an kashe kiɗansa. Abin da Mills ya yi shi ne ya riƙa kaɗa TR-909 da yatsunsa, yana tsayar da ita yana tayarwa, yana bin numfashin abokin kiɗansa. Na'urar da kamfanin Roland ya fitar tun 1983 ta zama abin kiɗa na hannu.

A nan ma'aunan uku duk sun cika. Maimaicin yana nan, giɓin ya dawo saboda makaɗan kaɗan ne, hannun kuma ya fi na Liquid Room 'yanci, tunda yanzu da wani mutum ake zance ba da faifai ba. Allen ya rasu a birnin Paris a 2020, amma Mills ya ci gaba da wannan tsari da wasu makaɗa.

4.4 Robert Hood

4.4.1 Salon Taƙaitawa

A 1994 Hood ya kafa kamfaninsa na M-Plant, ya kuma fitar da faifai biyu da ake ɗauka su ne harsashin taƙaitaccen tekno, wato Minimal Nation da Internal Empire. Kayan aikin da ya yi amfani da su kaɗan ne, kuma wannan ƙaranci shi ya mayar salo. A kiɗa irin su "Rhythm of Vision" da "Minus", sautukan da ke tafiya a lokaci guda ba su da yawa. Dabararsa ita ce ya sa gajerar gaɓa ta riƙa faɗowa a gefen bugun ganga, ba a kansa daidai ba, ta yadda jiki zai ji kamar ana jansa gaba. Wannan gocewa gado ce daga kiɗan fonk na baƙaƙen Amurka, kuma ita ce ta raba aikinsa da busasshen kiɗan na'ura.

Idan aka kwatanta da Mills na wannan lokaci, Hood ya fi shi a giɓi, Mills kuma ya fi shi a hannu. Hood mai haƙuri ne. Yakan bar gaɓa ɗaya ta yi mintuna tana juyawa, sauyin da zai yi mata bai wuce ya ɗan buɗe amonta ko ya rufe ba. Wanda ya saurara da gaggawa zai ce ba abin da yake faruwa, amma wanda ya natsu zai ji kiɗan yana motsi kamar inuwar bango.

A shekarun 2000 wannan salo ya zama abin yayi a Berlin da sauran biranen Turai. Da yawa daga masu kwaikwayo sun ɗauki ƙarancin sautin suka bar gocewar, sai kiɗan ya fito fes amma ba ɗumi. A daidai wannan lokaci kuma kayan sana'ar suna sauyawa. Na'urar CDJ-1000 ta kamfanin Pioneer ta fito a 2001, daga baya kwamfuta ta iya daidaita bugun kiɗa biyu da kanta, abin da a da dije yake shekaru yana koyo a kan garmaho. Tsofaffin makaɗa sun tsinci kansu a tsakanin abu biyu: salonsu ya zama na kowa, gwanintar hannunsu kuma ta rage tsada.

4.4.2 Floorplan da Muryar Coci

Hood ya bar Detroit ya koma jihar Alabama a shekarun 2000, inda ya dukufa ga addininsa na Kirista har aka naɗa shi mai wa'azi. Faifansa Omega (2010), wanda ya gina a kan fim ɗin The Omega Man na 1971, yana da irin aibin da aka nuna a ayyukan Mills, wato jingina ga labarin da ke wajen kiɗan. Sauyin da ya fi muhimmanci ya zo ne ta sunan Floorplan, wanda ya fara amfani da shi tun 1996 amma ya farfaɗo da shi da kiɗan "We Magnify His Name" a 2011 da faifan Paradise a 2013. A nan ya shigo da muryoyin mawaƙan coci, har da tsakuren muryar Aretha Franklin a "Never Grow Old".

A zahiri wannan ya yi kama da juya baya ga taƙaitawa, tunda an ƙara murya a kiɗan da ba shi da ita. Amma idan aka saurara da kyau, za a ji cewa bai ɗauki waƙar gaba ɗaya ba. Guntun murya yake yankowa, ya sarrafa shi kamar yadda yake sarrafa gaɓar na'ura a 1994, yana maimaita shi yana jinkirta sakinsa har sai mai rawa ya ƙosa. Wato dai tsarin ginin bai sauya ba, tubalin ne aka sauya. Bugu da ƙari, maimaici da amshi daɗaɗɗun abubuwa ne a waƙoƙin cocin baƙaƙen Amurka, saboda haka muryar ba baƙuwa ba ce a gidan da aka kawo ta. Wannan ne bambancinta da okestirar Blue Potential, wadda ta zo da dokokinta ta ɗora wa kiɗan. Daga faifan Victorious (2016) 'yarsa Lyric Hood ta shigo Floorplan, suka zama su biyu, abin da ya buɗe wa tsohon makaɗi ƙofa zuwa ga matasa.

Raunin wannan mataki shi ne, dabarar ta fara zama sananniya. A Victorious da Supernatural (2019) mai sauraro yakan iya hasashen inda murya za ta tashi da inda ganga za ta dawo. Maimaici a cikin kiɗa ɗaya fasaha ce, amma maimaita dabara ɗaya daga faifai zuwa faifai yana rage mata kaifi. Wataƙila wannan ne amfanin da ke cikin komawarsa ga tsantsar tekno a Mirror Man (2020), domin bai bar suna ɗaya ya cinye ɗayan ba.

4.5 Kwatance

Daga abin da ya gabata, za a iya fitar da abubuwa uku. Na farko, Mills ya nemi ci gaba ta hanyar faɗaɗawa zuwa waje: fim, okestira, ilmin taurari. Hood kuwa ya nema ta hanyar komawa ciki: iyali, addini, da waƙoƙin da ya taso da su. Na biyu, kowannensu ya yi nasara a inda sabon abin da ya ɗauko ya yarda da maimaici da giɓi, kamar Metropolis da haɗuwa da Tony Allen da Paradise, ya kuma yi rauni a inda sabon abin ya danne su ko ya maye gurbinsu da bayani, kamar Blue Potential da Omega. Na uku, yawan kayan kiɗa da girman zaure ba su auna komai ba. Aikin Mills da ya fi nuna balagarsa shi ne wanda ya yi da tsohuwar na'ura ɗaya da abokan kiɗa biyu. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan batu ya wuce na ɗanɗano kawai. A 2024 an sanya al'adar tekno ta Berlin a cikin jerin al'adun gado na ƙasar Jamus, alhali baƙaƙen matasan Detroit ne suka ƙirƙiro kiɗan. Idan aka amince cewa makaɗin tekno bai cika ba sai ya hau dandalin okestira, to an amince kenan cewa ma'aunin Turai na daɗaɗɗen kiɗa shi ne alƙali, gidan rawa kuma makarantar share fage ce kawai. Ayyukan da aka tarke a nan ba su goyi bayan haka ba. Liquid Room da Minimal Nation cikakkun ayyuka ne tun ranar da suka fito, ba su jira wani zaure ya tabbatar da su ba.

4.6 Naɗewa

A wannan babi an tarke ayyukan Jeff Mills da Robert Hood tun daga 1992 zuwa 2020, ta amfani da ma'aunin maimaici da giɓi da hannu. An ga cewa makaɗan biyu sun tashi daga tushe ɗaya na ragewa, suka rabu a hanya, kuma ɗorewarsu ta samu ne daga riƙe wannan tushe tare da sauya muhallin da ake sarrafa shi. An kuma nuna wuraren da kowannensu ya gaza. A babi na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, za a kawo sakamakon binciken gaba ɗaya tare da shawarwari ga masu sha'awar nazarin kiɗan da ba shi da waƙa.